Fara Aiki da Laburaren pathlib a Shagunan Buga Takardu na Bagudo da Bakin Iyakar Benin: Me Ya Kamata a Soma Koyarwa?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya dace a fara koyar da laburaren pathlib na yaren Python ga matasan da ke riƙe da takardun jama'a a kwamfuta, a ƙaramar hukumar Bagudo da garuruwan bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Jerin da aka saba bi, wato a ƙirƙiri fayil, a sauya masa suna, a goge shi, bai dace da inda sau da yawa kwafi ɗaya tak na takarda ake da shi ba. Maƙalar ta kawo wani jerin: dubawa, tantancewa, kwafi, rubutu, sannan sauya suna da gogewa daga ƙarshe. Ta kuma tsaya a kan sunayen fayiloli, inda haruffan Hausa da na Faransanci ke haɗuwa a kan filas ɗaya.

Gabatarwa



Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla ranar 14 ga Yuni, 1898 ita ce ta raba ƙasar Borgu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Illo tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo a yau, tare da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya. Wanda ya ƙetara ta Tsamiya zai faɗa Segbana, wanda ya bi ta Lolo a gaɓar Kwara zai nufi yankin Malanbil, duka a lardin Alibori na Benin. A kasuwa mutane na ciniki da Hausa da Dandanci da Fulatanci da Zabarmanci, ba wanda ya damu da layin da Turawa suka ja. Amma da zarar magana ta koma kan takarda, sai layin ya bayyana: wannan ɓangare Ingilishi da naira, wancan ɓangare Faransanci da sefa.

Takardun kuma sai ƙaruwa suke yi. Lambar BVN ta zo a 2014. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi, wanda ya buƙaci jerin sunayen manoma rukuni-rukuni. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020, a watan da kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Kowane ɗayan waɗannan ya bar tarin hotunan fasfo da rasidai da fom-fom da aka yi wa sikanin. Ina suke zaune? Mafi yawansu suna cikin kwamfutar wani shagon buga takardu, ko a filas ɗin sakataren ƙungiyar manoma, ko a memorin wayar direba. Yaron da ke zaune gaban wannan kwamfuta shi ne ma'ajin tarihin mutane da yawa, ko da kuwa ba wanda ya taɓa kiransa da haka. Shi nake nufi a duk inda na ce ɗalibi.

Dalilin zaɓen pathlib

Akwai laburare masu kyau na aiki da ma'ajiyar fayiloli, kamar PyFilesystem2 da fsspec, sai dai dole a sauko da su daga intanet. Shi pathlib yana zuwa ne a cikin Python kansa tun sigar 3.4 ta shekarar 2014, bisa tsarin da Antoine Pitrou ya gabatar. Fayil ɗin girka Python a Windows bai kai megabait 30 ba, ana iya ɗaukarsa a filas daga Birnin Kebbi a girka wa kwamfuta goma ba tare da an ƙona data ba. Abu ɗaya da malami zai lura: tsofaffin kwamfutocin da ke kan Windows 7 ba sa karɓar abin da ya wuce sigar 3.8. Don haka duk misalan da ke cikin maƙalar nan na rubuta su yadda za su yi aiki a 3.8, na bar sababbin abubuwa irin su Path.walk da ya shigo a 3.12.

Mataki na farko: a duba, kada a taɓa

Mai koyon tuƙa jirgin ruwa a Kwara ba a soma masa da tsakiyar kogi lokacin da ruwa ya cika. Darasin farko, a ganina, bai kamata ya ƙunshi ko umarni ɗaya da ke iya sauya wani abu a kan filas ba. Ga shi:

```
from pathlib import Path

tushe = Path("E:/")
for f in tushe.rglob("*"):
    if f.is_file():
        print(f, f.stat().st_size)
```

Layuka kaɗan ne, amma sun ishi zama guda. Path shi ne adireshin fayil ko folda. Umarnin rglob yana shiga kowace folda da foldar da ke cikinta har ƙarshe, is_file yana ware fayil daga folda, stat kuma yana faɗin girmansa. Ɗalibin da ya gudanar da wannan a kan memorin waya zai ga irin sunayen da WhatsApp ke raɗa wa hotuna, kamar IMG-20240315-WA0007.jpg. Sunan bai faɗi ko takardar mota ce ko hoton biki ba, amma ya ɗauki kwanan wata a tsarin shekara, wata, rana. Wannan tsari shi ne na ISO 8601, kuma shi kaɗai ne ke sa fayiloli su jeru bisa tarihi in an jera su bisa suna. Daga nan ɗalibi zai fahimci abin da ya sa 15-3-2024 ba ya jeruwa daidai, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A wannan darasin ne kuma za a nuna masa tarkon karkatacciyar sanda ta Windows. Wanda ya rubuta "E:\takardu\na_bana" a cikin Python ya rubuta abin da bai yi niyya ba, domin \t tazara ce, \n kuma sabon layi ne. Kalmominmu masu farawa da t da n da b da r suna da yawa, don haka mu muka fi saurin faɗawa. Maganin pathlib shi ne a haɗa adireshi da alamar rabawa: tushe / "takardu" / "na_bana". Haka zai yi aiki a Windows da Linux da wayar Android mai Termux. A kuma kula da bambancin "E:/" da "E:" kawai. Na farko ne ke nufin tushen filas.

Akwai wata fa'ida da ba a zata ba. Sananniyar cutar kwamfuta da ke bin filas tana ɓoye foldodi ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, mai kaya ya ɗauka komai ya salwanta, wani ma har ya yi wa filas ɗin fomat. Shi rglob bai damu da alamar ɓoyewa ta Windows ba, zai lissafo fayilolin da ke nan. Mutum ya ga sunan takardarsa a allo, hankalinsa ya kwanta, kafin a shiga maganar gyara.

Sunaye: inda iyaka ke shigowa cikin kwamfuta

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne littattafan koyarwa na waje ba su da abin da za su ce mana.

A ɗauki dillalin albasa da ya shigo shago da memori a naɗe cikin takarda. Ya ce, "Ɗan'uwa, a fitar mini da rasidin nan na Segbana, na watan jiya." Yaron shago ya rubuta segbana a wurin bincike, ba abin da ya fito. Alhali fayil ɗin yana nan, sunansa Reçu_Ségbana.pdf, yadda abokin cinikinsa na Benin ya turo shi. Harafin é kansa yana da fuska biyu a tsarin Unicode: ko dai harafi ɗaya mai lamba U+00E9, ko kuma e da aka ɗora wa alama mai lamba U+0301. A ido ba su da bambanci, a wurin Python kuwa sunaye biyu ne daban. Haka ç yake. Tsohon tsarin ajiya na kwamfutocin Apple yana adana sunaye a rarrabe, don haka fayil ɗin da ya taɓa bi ta can yana iya isowa da fuska ta biyu.

Namu ɓangaren ya fi wannan sarƙaƙiya. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne harafi ne mai zaman kansa a Unicode, mai lambobi U+0199 da U+0257 da U+0253, kuma ba sa rarrabuwa zuwa k ko d ko b da wata alama. Ma'ana, daidaitawar da ke warware matsalar Faransanci ba ta taɓa su ko kaɗan. Mutum ɗaya zai rubuta ƙungiya yau, gobe ya rubuta kungiya saboda wayar da ke hannunsa ba ta da harafin, jibi ya rubuta k'ungiya. Sai batun 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Sai kuma alamar ɗauri a suna kamar Ka'oje: akwai miƙaƙƙiya ta kan allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya wadda Microsoft Word ke musanyawa da kansa, akwai ta uku mai lamba U+02BC, ga kuma masu rubuta Kaoje ba alama sam. Gari ɗaya, rubutu huɗu.

Abin da nake ba da shawara shi ne a koya wa ɗalibi ya gina mabuɗin bincike:

```
import unicodedata

def mabudi(suna):
    s = unicodedata.normalize("NFD", suna.casefold())
    s = "".join(c for c in s if not unicodedata.combining(c))
    return s.translate(str.maketrans("ƙɗɓƴ", "kdby", "'’ʼ"))
```

Layin farko yana mayar da manyan haruffa ƙanana ya kuma rarraba é da ç, na biyu yana zubar da alamomin da aka ware, na uku yana miƙe haruffa masu lanƙwasa ya cire alamar ɗauri kowace iri. Da wannan, Ségbana da Segbana da SEGBANA duk su koma segbana, rasidin dillali ya fito.

Sai dai ina jan kunne da babbar murya: mabuɗin nan na bincike ne kawai, ba na sauya sunan fayil ba ne. Na ji masu cewa a sauƙaƙa, a cire duk wani harafi mai lanƙwasa daga sunayen fayiloli a huta. Ban yarda da wannan ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, sunaye za su yi karo. Foldar baƙi da foldar baki za su zama abu ɗaya, kuma kamar yadda za mu gani, karon suna yana cinye fayil. Na biyu, tsare-tsaren ajiya na NTFS da exFAT da FAT32 mai dogayen sunaye duk suna iya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau. Ba ma'ajiyar ce ta gaza ba, don haka ba dalilin da zai sa mu gurgunta rubutunmu don mu faranta mata. Haruffan da Windows ya hana a suna su ne < > : " / \ | ? da *, sai wasu keɓaɓɓun sunaye kamar CON da NUL. Wanda ya so sa wa fayil suna 15/03/2024 shi ne zai gamu da cikas, ba mai rubuta ɗ ba.

Mataki na biyu: tantancewa da kwafi

Kafin ɗalibi ya iya kwafi, ya kamata ya iya tabbatar da cewa kwafin ya yi daidai da asali. Suna ba hujja ba ne, girma ma ba hujja ba ne. Kwanan wata kuwa ya fi su rauni, domin FAT32 yana adana lokacin gyara ne da tazarar daƙiƙa biyu-biyu, kuma tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu tana iya buga wa fayil shekarar da ta ga dama. Abin dogaro shi ne tambarin SHA-256, wanda ake lissafowa daga ainihin abin da ke cikin fayil:

```
import hashlib

def tambari(f):
    h = hashlib.sha256()
    with f.open("rb") as b:
        for gutsure in iter(lambda: b.read(1048576), b""):
            h.update(gutsure)
    return h.hexdigest()
```

Ana karanta fayil gutsure-gutsure, megabait ɗaya a lokaci guda, don kada ƙaramar kwamfuta ta shaƙe. Sakamakon jerin alamomi 64 ne. In fayiloli biyu suka ba da tambari ɗaya, abu ɗaya ne ko da sunayensu sun bambanta. Da haka ake gano hoton fasfo guda da aka turo sau biyar ta WhatsApp da Xender da sunaye biyar.

Kwafin kansa shutil.copy2 ne ke yin sa, wanda ke ƙoƙarin riƙe kwanan watan asali. Amfanin tambari ya fi fitowa a kan jabun filas da ke yawo a kasuwanni, wanda ke nuna gigabait 64 alhali abin da ke cikinsa bai kai haka ba. Kwafi zai tafi ba tare da wani ƙorafi ba, sai ranar buƙata a tarar fayil ba ya buɗuwa. Don a kama shi, dole a cire filas ta hanyar da ta dace, a sake soka shi, sannan a lissafa tambari. In ba a yi haka ba, kwamfuta tana iya karanto abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta ta ce komai lafiya. A kuma tuna FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, abin da ya shafi masu bidiyon biki fiye da masu takardu.

Mataki na uku: rubutu, da ɗaukewar wuta

Umarnin write_text yana da daɗin amfani, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro a hannun sabon ɗalibi. In ba a faɗa masa tsarin haruffa ba, yana bin na kwamfutar. A Windows na Ingilishi ko na Faransanci wannan tsari shi ne cp1252, wanda ke da é da ç amma ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ. Ga abin da ke faruwa: sakataren ƙungiya yana da jerin manoma, ya ƙara sunan Ɗanladi, ya ce a adana. Python zai buɗe fayil ɗin don rubutu, wanda hakan ke share duk abin da ke ciki nan take, sannan ya iso kan Ɗ ya tsaya da kuskure. Sabon jeri bai shiga ba, tsohon kuma ya tafi. Abin da ya rage fayil ne mai girman sifili. Jerin sunayen Faransanci ba zai gamu da wannan ba. Saboda haka encoding="utf-8" ba ado ba ne a wurinmu, daga ranar farko ake koyar da shi.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana haifar da irin wannan ɓarna, musamman a kwamfutar tebur da ke kan janareta. Kariyar duka biyun ɗaya ce: kada a taɓa rubutawa kai tsaye a kan fayil ɗin da ake da shi.

```
import os

def adana(f, rubutu):
    sabo = f.with_name(f.name + ".sabo")
    with sabo.open("w", encoding="utf-8") as b:
        b.write(rubutu)
        b.flush()
        os.fsync(b.fileno())
    os.replace(sabo, f)
```

Ana rubutawa a gefe, a tilasta wa kwamfuta ta sauke rubutun a kan faifai, sai an gama tsaf sannan a musanya. In wani abu ya faru a tsakiya, tsohon fayil yana nan. FAT32 ba ya riƙe kundin ayyukan da ke kan hanya kamar yadda NTFS ke yi, don haka kariyar ta fi ƙarfi a faifan kwamfuta fiye da kan filas. Aiki a kan faifai, filas don ɗauka.

Wani ɗan abu a gefe, ga masu karɓar jadawalin lissafi daga Benin: Excel na Faransanci yana raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, domin waƙafi a wurinsu alamar ɓangaren lamba ne. Abin da muke rubutawa 1,500.50 su 1 500,50 suke rubuta shi. Laburaren csv yana karɓar delimiter=";" don wannan. In kuma ana son Excel ya nuna ƙ daidai, a adana da utf-8-sig.

Mataki na ƙarshe: sauya suna da gogewa

Sai yanzu ɗalibi zai ga rename da unlink. Abu biyu zai haddace. Na farko, unlink ba ya aika fayil kwandon shara na Windows, kuma shutil.rmtree yana tafiya da folda da duk abin da ke cikinta ba tambaya. Na biyu, in sunan da za a koma akwai shi tun farko, rename a Windows zai ƙi ya ba da kuskure, amma a Linux da Android zai danne tsohon fayil shiru. Shirin da aka gwada a kwamfutar shago ya yi lafiya yana iya cin takarda a waya.

Ƙa'idar da nake so a kafa ita ce kowane shiri mai sauya suna ya yi zagaye biyu. A zagayen farko ya buga jerin tsohon suna da sabo a allo, ya ƙirga ko akwai sababbin sunaye biyu da suka yi karo, bai taɓa komai ba. Sai mutum ya karanta ya amince kafin zagaye na biyu, kuma a ajiye jerin a fayil don a iya komawa baya. A maimakon gogewa, a matsar da fayil zuwa wata folda mai suna jira, mai ɗauke da kwanan watan ranar.

Foldar jira ba za ta zauna har abada ba. Abin da ke cikin kwamfutocin nan lambobin NIN ne da BVN da hotunan mutane. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, Benin kuma tana da kundin dokokin fasahar zamani tun 2018, kuma dukansu sun ɗora nauyi a kan wanda ke riƙe da bayanan wani. Don haka shago ya yanke wa'adi, misali wata uku, ya liƙa shi a bango inda abokan hulɗa za su gani, shirin gogewa kuma ya taɓa abin da ya wuce wa'adin kaɗai, a cikin foldar jira kaɗai.

Aikin da ke gaban sassan kwamfuta

Akwai aiki ɗaya da ya fi ƙarfin yaron shago, wanda nake miƙa wa sassan nazarin kwamfuta na jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Umarnin sorted na Python yana jera sunaye bisa lambobin Unicode, don haka duk sunan da ya fara da Ɓ ko Ɗ ko Ƙ yana faɗawa bayan Z. A jerin manoma, Ɗahiru zai zo bayan Zubairu, mai neman sunansa a ƙarƙashin D ya ɗauka an cire shi. Ana buƙatar ɗan ƙaramin fayil guda na Python, wanda ba ya dogara da intanet, mai sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ya ɗauki 'y da ƴ a matsayin harafi ɗaya, ya yanke matsaya a kan sh da ts tare da malaman sashen Hausa, ya kuma bar é da ç su zauna tare da e da c. Aiki ne daidai da kundin kammala digiri na ɗalibi ɗaya, kuma za a iya gwada shi a kan jerin sunayen unguwanni da ƙauyukan mazaɓun Bagudo da na Segbana, waɗanda ba bayanan sirrin kowa ba ne.